Daga Ajin Dare na Landan Zuwa Pune: Yadda Ɗaliban Iyengar Suka Kafu a Birtaniya

A bazarar 1961, a wani gida da ke unguwar Finchley a arewacin Landan, wani Ba'indiye mai shekara 42 ya koya wa wasu 'yan mutane yoga, wato horon jiki da numfashi da hankali mai asali a Indiya. Mutanen ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Gidan na Ayana Angadi ne da matarsa Patricia, masu ƙungiyar Asian Music Circle da ke kawo makaɗan Indiya su yi wasa a Ingila. Baƙon kuwa B.K.S. Iyengar ne, daga garin Pune ya zo. Ya yi 'yan makonninsa, ya tattara ya koma gida. Sai wasu mata uku daga cikin ɗaliban suka ƙi bari abin ya mutu. Suka ci gaba da haɗuwa duk mako suna tuna wa juna abin da ya nuna musu, wannan ta gyara wa waccan ƙafa, waccan ta gyara wa wannan kafaɗa, har shekara ta zagayo ya dawo.

Daga wannan ɗan zama ne al'ummar yoga ta Iyengar ta tsiro a Birtaniya. Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne matsalar da ta biyo su tun ranar farko. Malamin ɗaya ne tak, yana zaune nisan fiye da kilomita 7,000, ilimin kuma irin wanda ba ya shiga sai malami ya dube ka da idonsa ya ɗora maka hannu. To, idan ba ya nan wa zai koyar, kuma wa ya ba shi izini? Amsar da suka samo ita ce tafiya: ɗalibi ya ɗauki jakarsa ya je inda malamin yake. Amma kafin a kai ga haka an yi wani ciniki a Landan wanda ya sauya abin da ake koyarwar kansa.

Malamin da ya koyar da kansa

An haifi Iyengar ranar 14 ga Disamba 1918 a ƙauyen Bellur da ke jihar Karnataka ta yanzu, ana tsakiyar annobar murar da ta kashe miliyoyin mutane a duniya. Ya taso ba lafiya: zazzaɓin cizon sauro, taifot, tarin fuka. Mahaifinsa malamin makaranta ne, ya rasu Iyengar bai kai shekara goma ba. A 1934 mijin yayarsa, Tirumalai Krishnamacharya, wanda ke koyar da yoga a Mysore ƙarƙashin inuwar sarkin garin, ya ɗauke shi zuwa can. Ba zaman jin daɗi ba ne. Krishnamacharya mutum ne mai zafi, kuma Iyengar ya sha faɗa cewa a duk zamansa a gidan, kwanakin da aka zaunar da shi aka koya masa ba su wuce goma zuwa goma sha biyar ba. Akwai ranar da aka umarce shi ya ware ƙafafunsa har ƙasa a gaban baƙi, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi, naman cinyarsa ya yage, ya daɗe yana jinya.

A 1937, yana ɗan shekara 18, aka tura shi Pune ya koyar. Turancinsa kaɗan ne, harshen Marathi na garin ba nasa ba ne, kuɗi kuwa babu. Tun da malaminsa na nesa, sai ya mai da jikinsa makaranta. Yakan kwashe sa'o'i yana gwada asana ɗaya, wato siffa ɗaya ta ajiye jiki, yana neman inda ta yi daidai da inda ta karkace, yana tokarewa da bulo ko dutse ko duk abin da ya samu. Ya kamata a riƙe wannan a zuci, domin mutumin da daga baya ya kafa tsari mai tsauri na ba da izinin koyarwa, shi kansa kusan ba tare da malami a kusa ya ƙware ba.

Ƙofar Turai ta buɗe masa a 1952, lokacin da shahararren mai gogen nan Yehudi Menuhin ya je Indiya. Sun haɗu a Bombay, aka ba Iyengar 'yan mintuna, ganawar ta koma ta sa'o'i. Menuhin yana fama da gajiya da ɗaurewar jiki irin ta wanda ya ƙare rayuwarsa da goge a kafaɗa, ya ji sauƙi. A 1954 ya gayyace shi Gstaad a ƙasar Suwizalan, har ya ba shi agogo da aka zana wa rubutu mai cewa shi ne mafi kyawun malaminsa na goge. Ta hannun Menuhin ya koyar da manyan mutane, ciki har da Sarauniya Elisabeth ta Beljiyam, wadda ya koya wa tsayawa a kan kai tana da shekara tamanin ko fiye. Amma duk wannan harkar manya ce. Iyengar ya ba da labarin wani otal a Landan da ya yarda ya kwana amma ya hana shi cin abinci a zauren da sauran baƙi ke ci, saboda launin fatarsa. Menuhin ne shugaban ƙungiyar su Angadi, kuma ta nan aka samu ajin farko na mutanen gari.

Mata uku da littafi ɗaya

Ba a jima ba Iyengar ya ba matan nan izinin koyar da sabbin shiga. Ba jarrabawa, ba takarda. Ya ga aikinsu, ya yarda, ya ce su fara. Tsakanin bazara da bazara sai wasiƙa. Idan wani abu ya shige musu duhu su rubuta Pune, su jira amsa.

A 1966 kamfanin George Allen and Unwin na Landan ya buga littafinsa, Light on Yoga, bayan editan nan Gerald Yorke ya sa an yi wa rubutun gyara mai yawa. Menuhin ne ya rubuta gabatarwa. Asana wajen 200 ne a ciki, da hotuna wajen 600, kuma Iyengar ne da kansa a hotunan. A ƙarshen littafin akwai jadawalin horo na mako 300, kusan shekara shida ke nan. Ga ɗalibin Landan wannan littafi ya zama malami na biyu: ka buɗe shi a ƙasa kusa da kai, ka duba hoto, ka duba ƙafarka. Sai dai hoto ba ya gaya maka cewa nauyinka ya faɗa gefe ɗaya. Littafin ya ninka masu sha'awa, ya kuma ninka buƙatar wanda zai tsaya a kansu.

Sharaɗin 1969

A wancan zamani hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin Birtaniya suna gudanar da azuzuwan manya da yamma a gine-ginen makarantu, da kuɗi kaɗan. Ana koyon ɗinki, girki, harsuna, gyaran mota, motsa jiki. A tsakiyar Landan hukumar da ke riƙe da wannan ita ce ILEA, wadda aka kafa a 1965. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 mutane sun matsa suna neman a sa yoga a cikin jerin. Hukumar ta yi ɗari-ɗari, kuma tana da dalili. Lokaci ne da matasan Turai ke tururuwa zuwa Indiya wurin malaman ruhi, mawaƙan Beatles ma sun je Rishikesh a 1968, kowa kuma yana iya wayar gari ya ce shi malamin yoga ne. Hukumar ba ta son a yi amfani da kuɗin haraji a yaɗa addini a ajin gwamnati, ba ta kuma son wani ya karya wa mutane wuya.

Peter McIntosh, babban sufeton ilimin motsa jiki na hukumar, shi ya binciki lamarin. A 1969 aka yanke shawara: za a koyar da yoga, amma a tsaya ga asana da sarrafa numfashi, kada a shiga falsafa ko ibada, kuma malaman su zama waɗanda aka horar a kan hanyar Iyengar. Aka fara horar da malamai a kwalejin motsa jiki da ke titin Paddington, ƙarƙashin Silva Mehta, ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibansa. Shi kuma Iyengar in ya zo da bazara sai ya duba su.

Iyengar ba mutumin da ya yi watsi da addininsa ba ne. Ɗan gidan Brahmin ne, wato zuriyar malaman addinin Hindu, masu bautar Vishnu, yana sa jan layi a goshi har ƙarshen rayuwarsa. To me ya sa ya amince? A fahimtarsa ba a rage komai ba. Yana ganin wanda ya tattara hankalinsa kacokan a kan yadda babban yatsan ƙafarsa ya taka ƙasa ya riga ya shiga aikin nutsar da zuciya, ko an ambata masa sunan abin ko ba a ambata ba. Hukumar kuwa tana ganin ta sayi motsa jiki zalla. Kowane ɓangare ya tashi daga cinikin yana jin ya samu abin da yake so.

Ni a ganina duka biyun sun faɗi gaskiya, amma rabi-rabi. Abin da matar gida ta koya a zauren makarantar firamare da daddare motsa jiki ne da numfashi, babu addu'a, babu gunki, kuma ba yaudararta aka yi ba. Amma tushen abin yana cikin al'adar Hindu, kuma malamin bai taɓa ɓoye haka ba. Mai karatu da ke tambayar ko yoga ibada ce ko motsa jiki, ya sani ba shi ya fara wannan tambaya ba. Ma'aikatan gwamnati a Landan sun zauna a kanta fiye da shekara hamsin da suka wuce, kuma abin da suka yi shi ne suka raba gida biyu, suka ɗauki ɗaya suka bar ɗaya.

Ba wannan ce kaɗai hanyar da aka bi a ƙasar ba. A Birmingham, Wilfred Clark ya kafa ƙungiyar da ta zama British Wheel of Yoga a 1965, wadda ba ta ɗaure kanta ga malami ɗaya ba. A 1971 kuma shirin talabijin na Richard Hittleman ya kai yoga cikin falon mutane, azuzuwa suka cika. Mafi yawan masu zuwa mata ne, da yawansu masu aure da 'ya'ya, waɗanda wannan sa'a ɗaya ko biyu ce kaɗai tasu ta kansu a mako. Daga cikinsu ne malamai suka fito. A Manchester ma wata ƙungiyar ɗaliban Iyengar ta kafu a farkon shekarun 1970.

Nasarar ce ta haifi matsalar. Malamai sun yi yawa, an horar da su a hannun waɗanda su ma wata guda a shekara suke ganin malamin. Ilimi ya fara zama ruwan da aka yi ta ƙara wa ruwa.

Hanyar Pune

Ranar 26 ga Janairu 1973 aka aza harsashin makarantar Iyengar ta kansa a unguwar Shivajinagar a Pune. Kwana uku bayan haka matarsa Ramamani, wadda ya aura a 1943 kuma ta sha wahalar shekarun talauci tare da shi, ta rasu. Da aka buɗe ginin ranar 19 ga Janairu 1975 sai aka sa masa sunanta: Ramamani Iyengar Memorial Yoga Institute. Daga nan alƙiblar tafiya ta juya. A da malami ke zuwa wurin ɗalibai. Yanzu ɗalibai ke zuwa, ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙasa da lokacinta, su yi horo mai tsanani na wajen mako uku.

Tafiyar ba ƙaramar aba ba ce. Jirgin sama zuwa Bombay, sannan jirgin ƙasa ya hau da kai tsaunukan Ghat ta Lonavala, kusan kilomita 190, kafin ka sauka Pune. Sai neman ɗakin haya, sai sabon abinci da ciwon cikin da ke biyo baya, sai zafi ko ruwan damina. Garin a lokacin cike yake da wasu Turawan dabam, mabiyan wani malamin ruhi mai suna Rajneesh, masu tufafi ruwan goro da ke taruwa a Koregaon Park daga 1974 zuwa 1981. Ɗaliban Iyengar ba su yi kama da su ba. Malaman makaranta ne, ma'aikatan jinya, matan gida, da gajeren wando da ƙaramin littafin rubutu.

Ginin kansa darasi ne. Hawa uku ne, an ce suna wakiltar jiki da hankali da ruhi. Ginshiƙai takwas suna tuna rassa takwas na yoga kamar yadda Patanjali, wani malamin Indiya na zamanin da, ya tsara su a tsohon littafinsa. A can ƙololuwa akwai wurin bautar Hanuman, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, kuma ana buɗe darasi da rera yabon Patanjali a harshen Sanskrit. Wato abin da aka ajiye a bakin ƙofar ajin Landan, ga shi nan a fili. Wasu ɗaliban sun rungume shi, suka koma gida suna karanta falsafar. Wasu sun zauna shiru ana rerawa, suka ɗauki aikin jiki kawai. Ba a kori kowa ba saboda haka.

Sai zauren. Igiyoyi a rataye a bango, bulon katako, ɗamara, barguna, kujeru, benci iri-iri da kafinta ya ƙera bisa umarnin malamin. Ka ɗauki siffa mai sauƙi irin trikonasana, inda mutum ke ware ƙafafu ya sunkuya gefe, hannu ɗaya ƙasa ɗaya sama. Wadda ta shekara biyar tana koyar da ita a Landan sai ta ji ana tambayarta ina nauyinta ya sauka a tafin ƙafar baya, ko ƙoƙon gwiwarta ya ɗaga, wane ɓangaren haƙarƙari ne ya yi barci, ta wace fuska fatar cinya take juyawa. Ga ƙafa na rawa, ga gumi na zuba, ba a ce a tashi ba tukuna. Shi kuwa yana zagayawa da gajeren wando da manyan girarsa, ya hango kuskure daga ƙarshen zaure, ya tsayar da aji duka, ya kira mutum ɗaya a taru a kansa a ga inda ya karkace. A gefe guda akwai ajin marasa lafiya, inda ake kwantar da mai ciwon baya ko na zuciya a kan matasai da katako har ya samu siffar ba tare da ya wahala ba. Da yawa sun ce a wannan ajin ne suka gane amfanin kayan da suke gani a bango.

Dole a faɗi ɗaya gefen. Iyengar yana da tsawa, yana kuma kai hannu. Har ɗalibansa suka mai da haruffa ukun farkon sunansa zuwa kalmomin Turanci masu nufin bugu, shuri, mari. Hujjarsa ita ce yana tayar da gaɓar da ta yi barci ne, kuma mari ɗaya a wurin da ya dace ya fi dogon bayani. Akwai waɗanda suka rantse cewa taɓawarsa ɗaya ta warware musu abin da suka shekara suna nema, kuma ban da dalilin ƙaryata su. Amma ban yarda wannan ya wanke komai ba. Mutumin da ya tara kuɗin shekara biyu ya ƙetare teku, wanda kuma matsayinsa na malami yake hannun wanda ke tsaye a kansa, ba shi da bakin cewa a'a. Shi ma Iyengar haka aka yi masa a Mysore, ya san zafinsa, duk da haka ya miƙa wani abu daga ciki ga na bayansa. Akwai waɗanda suka je sau ɗaya ba su sake komawa ba.

Abin da suka dawo da shi

Sun dawo da ƙwarewa, wannan ba shakka. Sun kuma dawo da wani sabon bambanci: wanda ya je Pune da wanda bai je ba. Malamin ajin dare da awa ake biyansa, kuma ba kowace mace ce za ta bar yara da miji wata guda ba. Saboda haka zuwa Pune bai zama ma'aunin himma kaɗai ba, ya zama har da ma'aunin hali da wanda zai riƙe maka gida. Ga wata rigimar kuma: Iyengar bai daina gwaji ba, abin da ya koyar bana yakan bambanta da na bara. Sai ka ga tsohuwar malama tana koyar da abin da ta ji da kunnenta, wata da ta dawo jiya tana ce mata ai yanzu a Pune ba haka ake yi ba. Dukansu kuwa gaskiya suke faɗa.

Wannan ne ya tilasta a yi tsari. A 1977 aka kafa ƙungiyar malaman Iyengar ta Birtaniya, aka shigo da jarrabawa da takardun shaida mataki-mataki, kowane mataki da siffofin da aka yarda mai shi ya koyar. Ƙananan matakai ana tantance su a gida, mafi girma kuwa daga Pune suke fitowa. Abin ya yi kama da ijaza: ba iyawarka kaɗai ake tambaya ba, har da hannun wa ka karɓa, shi kuma daga wa. A farkon shekarun 1980 ɗaliban Landan suka samu gininsu na kansu a Maida Vale, kuma a 1984 Iyengar ya yi nuni a babban zauren Barbican.

Wani ɗan abu da ya fito daga wannan zamani yanzu yana ko'ina. Angela Farmer, Baturiyar Ingila da ta yi karatu a hannun Iyengar, tana fama da santsin ƙasa. A 1982 tana koyarwa a Jamus ta samu irin robar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kafet, ta yanka daidai tsawon mutum, ƙafa ta daina zamewa. Mahaifinta ya fara sayar da ita, kuma daga nan tabarmar yoga ta zamani ta samo asali. Ita Farmer ɗin daga baya ta bar hanyar Iyengar ta kama tata mai sassauci, kamar yadda wasu manyan ɗalibansa suka yi.

Inuwar da ta rene su ba ta ɗore ba. Gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe ILEA, ta daina aiki a 1990, shekarar da Silva Mehta da 'ya'yanta biyu suka fitar da littafinsu na koyar da hanyar Iyengar. Azuzuwa masu araha suka ragu, yoga ta ƙara komawa cibiyoyi masu zaman kansu inda kuɗi ya fi yawa. Amma zuwa lokacin al'ummar ta riga ta tsaya da ƙafarta, tana da ƙungiya, da gini, da hanyar Pune.

A can Pune, tun daga 1984 Iyengar ya miƙa yawancin azuzuwa ga 'yarsa Geeta da ɗansa Prashant, ko da yake ya ci gaba da horonsa a zauren, ɗalibai na satar kallonsa. Ya rasu ranar 20 ga Agusta 2014 yana da shekara 95. Geeta ta rasu ranar 16 ga Disamba 2018, kwana biyu bayan bikin cikarsa shekara ɗari da haihuwa, aikin ya rage a hannun Prashant da Abhijata, jikar Iyengar. Masu son zuwa sun yi yawa har sai da cibiyar ta kafa ƙa'ida ga baƙi daga ƙasashen waje: a lokacin, sai wanda ya yi shekara takwas yana horo a wannan hanya ne ke neman gurbin wata guda, sannan ya shiga layi, wani lokaci ya jira shekara ɗaya ko biyu kafin a kira shi.